Wai Haka Kasuwa Take?

Kowace shekara da zarar an kafa sunayen waɗanda suka sami shiga jami'a, akwai wata kasuwa da ke ci a unguwannin da ke kewaye da mu. Ba ta da rumfa, ba ta da mudu, ba ta kuma da Sarkin Kasuwa da za a kai wa ƙara. Tana ci a Samaru da Hayin Dogo a Zariya, tana ci a Kabuga da Rijiyar Zaki a Kano, tana ci a Dundaye da Kwalkwalawa a Sakkwato. Hajarta ɗakin kwana, masu sayenta kuwa baƙi ne da suka sauka daga mota da akwati a ka, ba su san kowa ba, ga rajista na jiransu, ga dare yana yi. In ka tambayi mai ɗaki dalilin da ya sa ɗakin da aka kama bara a kan kaza bana ya ninka, amsa ɗaya tak za ka ji, sai ka ce sun haɗa baki: "Haka kasuwa take." Wannan amsa nake so mu tsayar yau mu yi mata tambayoyi, domin a ganina mayafi ce da ake lulluɓe rashin lissafi da rashin tausayi da ita.

Bari in share fage tukuna, don kada a ɗauki maganata a kai ta inda ban aike ta ba. Ba ina magana ne a kan attajirin da ya ci bashin banki ya gina ɗakuna hamsin don haya ba. Wannan ɗan kasuwa ne, shari'arsa daban, ranarsa na nan tafe. Maganata a kan magidanci take, wanda ke zaune cikin gidansa da iyalinsa, sai ya zamana yana da ɗaki ɗaya ko biyu da ba kowa a ciki: shagon ƙofar gida, ko ɗakin yaron da ya yi aure ya tashi, ko boskwatan da ke bayan gida. Halal ne ya ba da shi haya, halal ne ya ci riba. Abin da na ƙi yarda da shi kawai shi ne ya yanka wa ɗakin kuɗi ba tare da ya iya faɗin yadda ya isa ga wannan adadi ba, in an tambaye shi ya nuna kasuwa da baki.

Ina kasuwar take?

Kowane Bahaushe ya san yadda ciniki yake. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka. Mai saye ya ƙara, ko kuwa ya kakkaɓe rigarsa ya wuce rumfar gaba. Wannan iko na juya baya shi ne gishirin kasuwa, shi ke hana mai kaya wuce gona da iri, domin ya san in ya tsananta zai kwana da hajarsa. To, ɗalibin da aka ce masa ba gado a ɗakunan kwana na makaranta, kuma Litinin za a fara karatu, ina zai juya ya tafi? Ya koma ƙauyensu ya bar gurbin da ya shekara biyu yana nema? Inda mai saye ba shi da ikon cewa ya fasa, sunan abin ba ciniki ba ne, ƙwace ne da aka yi wa rasit.

Sa'an nan kuma, wa ya haifar da tsadar? Sa'ad da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ɗalibanta ba su kai 500 ba, kowa da gadonsa da abincinsa. Yau ita da takwarorinta na Kano da Sakkwato kowacce dubun-dubata take ɗauka, ginin ɗakunan kwana kuwa bai bi sawun yawan ɗalibai ba ko kusa. Watau ƙarancin ɗaki gazawar hukuma ce. Magidancin da ya ninka kuɗin shagonsa bai ƙara masa bulo ɗaya ba, bai fasa masa taga ba, bai ja masa famfo ba. Ya dai wayi gari ya ga jama'a sun yi layi a ƙofarsa, sai ya mai da wahalarsu amfanin gona, ya shiga girbin abin da bai shuka ba.

In ka bi diddigin wannan "kasuwa" da ake ta ambato, sau da yawa za ka iske mutum biyu ne ko uku, dillalan unguwa, zaune a kan benci. Su ne ke zuwa su ce wa maigida: "Alhaji, ai wane ya ba da nasa a kan kaza, kai ma kada ka yarda da ƙasa da haka." Dalilinsu a fili yake. La'adarsu galibi kashi 10 cikin 100 ce ta kuɗin haya, saboda haka duk naira goman da aka ƙara wa ɗalibi, ɗaya tasu ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In kuwa ɗalibi ya tsaya yana jinjina kuɗin, sai dillali ya raɗa masa cewa akwai wani da ya riga ya taya, yana nan tafe da yamma da kuɗinsa a hannu, alhali ba kowa. Malaman fiƙihu suna da suna ga irin wannan, najashi, watau cusa tayin ƙarya don a zuga mai saye, kuma haramun ne. Ina amfanin dillali ma ga ɗakin da mai shi ke kwana taku goma daga ƙofarsa?

Maigidan da, maigidan yanzu

Saukar da baƙo don neman abinci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro, da waɗanda suka kora shanu zuwa Kurmi, a gidan fatoma suke sauka. Wani masani Bature, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafinsa a kan Hausawan wurin a 1969. Wata kuma, Polly Hill, ta rubuta a kan masu masaukin Kumasi a 1966. Abin da suka bayyana shi ne abin da dattawanmu suka sani tun tuni: maigida shi ke ba falke wurin kwana da abinci, ya adana masa dukiyarsa, ya haɗa shi da dillalai, ya tsaya masa in an ɗauki kayansa bashi. Abincinsa kuwa daga la'adar cinikin yake fitowa.

Kada wani ya ce ina mai da fatoma waliyyi. Ɗan kasuwa ne, riba yake nema, wasunsu ma sun yi arziki mai yawa. Amma a duba inda ribar tasa ta rataya. Sai baƙo ya sayar da kyau sa'an nan maigida ke samu. In ya cuci falke ɗaya, labari ya bi ayari ya isa Kano, baɗi ba mai sauka gidansa. Ribarsa tana ɗaure da nasarar baƙonsa. Maigidan yanzu kuwa, wanda ya koyi karatunsa a wurin dillali, ribarsa tana ɗaure da ƙuncin baƙonsa: iyakar matsuwar ɗalibi, iyakar abin da zai tatsa. Kalmar ba ta sake ba, maigida ne da can, maigida ne yanzu, amma an zare mata amanar da ke cikinta an bar ɓawon.

Su ma suna da tasu

Adalci ya wajaba, ko da a kan abokin gaba ne, balle maƙwabci. Masu ɗakuna za su ce rayuwa ta yi tsada, kuma gaskiyarsu. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a yawancin jihohi cikin 'yan kwanaki. A farkon 2024 buhun siminti ya kai naira 10,000 har ya wuce. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Da yawa daga masu ɗakunan nan 'yan fansho ne da fanshonsu bai isa cefanen mako biyu ba, wasu zawarawa ne masu riƙon marayu, kuɗin shagon nan shi ne tukunyarsu. Duk wanda ya ce kada su ƙara ko kwabo bai yi musu adalci ba.

Amma tsadar nan ba ta ƙetare gidan uban ɗalibi ba. Fetur ɗin da ya ƙona maigida shi ya ƙona manomin da ya sayar da buhunan masararsa ya turo ɗansa karatu. Abin tambaya shi ne, daga cikin tsadar, wacce ce ta taɓa ɗakin? Ɗakin da aka gina shekara ashirin da suka wuce, simintinsa ya bushe tun tuni. Tsadar siminti ta bana ba ta shafe shi ba sai gwargwadon gyaran da za a yi masa. Ƙarin kuɗin lantarki na watan Afrilu 2024, wanda ya kai naira 225 a kan kowane ma'auni, rukunin A kaɗai ya shafa, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. Maigidan da ba ya cikin wannan rukuni, wanda gidansa ke kwana uku a duhu, da wane ido zai kafa hujja da shi? Tsada gaskiya ce, amma tana da adadi, kuma adadin nan ake so a faɗa.

Ga alƙalami, ga takarda

Yanka wa ɗaki kuɗi ba duba ba ne, lissafi ne da ɗan firamare zai iya. Bari in kawo misali da alƙaluman da na ƙaddara don bayani kawai, kowa ya cire su ya sa na gidansa.

A ɗauka gida ne mai ɗaki 6, kuma abin da maigida ke kashewa a shekara wajen gyara, kamar toshe yoyon kwano da shafe da fenti da gyaran ƙofa, ya kai naira 180,000. Rabon ɗaki ɗaya 30,000 ke nan. A ɗauka kuɗin wuta 12,000 ne a wata, mutum 8 ke amfani da ita; rabon ɗan haya 1,500 a wata, watau 18,000 a shekara. A sa masa 12,000 na ruwa da kwasar masai da shara. An sami 60,000. Sa'an nan gini yana tsufa, dole a yi masa tanadi: in sake gina ɗakin a farashin yau zai ci naira 1,500,000, kuma zai yi shekara 30 yana aiki, to kowace shekara tana cin 50,000. An sami 110,000. Yanzu maigida ya ɗora ribarsa, domin ya rage wa kansa sakewa a gidansa, ya kuma ɗauki nauyin baƙo. A ce kashi ɗaya cikin biyar, 22,000. Jimla naira 132,000.

Wannan adadi ne da mutum zai iya faɗa a gaban liman da mai unguwa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. In ɗakin yana da bayi a ciki, ko silin da fanka, ko an sa gado da katifa, a ƙara gwargwadon abin da suka ci. In masai ɗaya ne na mutum goma sha biyu, ruwa kuma sai an kira ɗan ga-ruwa, a rage. In baɗi kayan gyara sun tashi, a sake lissafin, a nuna wa ɗan haya inda ƙarin ya shigo. Amma wanda lissafinsa ya tsaya a 132,000 ya kuma ce sai 250,000, to ya gaya mana sunan sauran 118,000 ɗin. Ba kuɗin gini ba ne, ba na wuta ba, ba na ruwa ba. Kuɗin rashin mafita ne na ɗan wani.

Akwai kuma ma'auni na biyu, watau aljihun mai biya. A Amurka, tun 1981, ƙa'idar da hukuma ke bi a gidajen da take tallafawa ita ce kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da iyali ke samu. Mu gwada wannan mudu a nan gida. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024 naira 70,000 ne a wata, watau 840,000 a shekara. Kashi 30 cikin 100 nasa 252,000 ne, kuma wannan na matsugunin iyali duka ne. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, da ya fara aiki a 2024, naira 20,000 ya yanka wa ɗalibi a wata don ɗawainiya, watau 240,000 a shekara. Ashe ko hayar adalci ta misalinmu ta cinye fiye da rabin wannan rance, ta 250,000 kuwa ta haɗiye shi duka ta nemi ƙari, ba a yi maganar gari da littafi da kuɗin mota ba. Wanda zai yanka kuɗi ya san wuyan da yake ɗora wa wuƙa.

Kuɗin shekara a dunƙule

Ba adadin kaɗai ke kisa ba, har da yadda ake karɓarsa. Ma'aikaci wata-wata ake biyansa, ɗalibi wata-wata ake aiko masa, amma mai ɗaki ya ce sai na shekara cur, wani ma ya ce biyu. Mu kira abin da sunansa: bashi ne marar ruwa da matalauci ke ba wanda ya fi shi. A shekarar da farashi ke tashi da kashi ɗaya cikin uku, nairar da ka karɓa a watan Janairu ta fi wadda za ka karɓa a Disamba nesa ba kusa ba. Saboda haka wanda ya karɓi na shekara a dunƙule ya riga ya ci wata riba a ɓoye, kuma kamata ya yi ya yi ragi saboda ita.

Wasu ƙasashe da jihohi sun ga wannan cuta tun da daɗewa. Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta hana karɓar fiye da na wata 6 a gaba. Dokar Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da na shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma hana karɓar fiye da na wata 6 daga wanda ke zaune yana biya wata-wata. Kowa ya san ana taka waɗannan dokoki, amma ko ba komai sun shaida cewa abin da muke gani kamar al'ada, a wurin masu hankali laifi ne. Magidancin da ke kwana gida ɗaya da ɗan hayarsa, yana ganin shigarsa da fitarsa safe da yamma, shi ne ya fi kowa rashin hujjar tsoron za a gudu masa da kuɗi.

Sai kuma yajin aiki. A 2020 ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi wata tara tana yaji. A 2022 ta sake yin wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ɗalibai suka koma gida, ɗakuna suka zauna a kulle, haya tana ta ƙirguwa, da aka dawo aka ce a sake sabon biya. A nan sai mu faɗi gaskiyar shari'a ko da ba ta yi mana daɗi ba. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya nuna haya tana inganta in an ambaci kuɗi an kuma yanka wa'adi, tana kuma warwarewa in gidan ya rushe kafin wa'adin ya cika. Yaji kuwa bai rushe ɗaki ba, don haka alƙali ba zai tilasta wa maigida ya mayar da kuɗi ba. Amma wanda ya karɓi hayar ɗalibi, ya ga ya tafi, ya buɗe ɗakin ya zuba buhunan hatsi ko ya sa wani ya sake karɓa, wannan ya ci sau biyu a kan abu ɗaya. Kuma ko wanda bai buɗe ba, wata takwas ba a kunna masa ƙwai ba, ba a ɗebi ruwansa ba. Kuɗin wuta da ruwan da ke cikin hayar na wane ne? Maganin rigimar shi ne a rubuta tun ranar farko abin da za a yi in an rufe makaranta.

Gyara kayanka

Malamaina, ku yi mini gafara, yanzu magana ta iso ƙofarku. Sanannen abu ne a jami'o'in ƙasar nan cewa wasu daga masu zama a gidajen ma'aikata suna ba ɗalibai hayar boskwata. Na san an riƙe muku albashi a yajin 2022, na kuma san abin da ake biyanku bai yi daidai da wahalarku ba. Amma wannan ɗaki ba ku kuka gina shi ba. Dukiyar jama'a ce aka ba ku don ku zauna. Babin tsufan gini, wanda ya fi kowane nauyi a lissafinmu, ba naku ba ne. Da wace hujja kuɗinsa zai yi kafaɗa da na cikin gari, har ya wuce, don kawai yana kusa da aji? Sa'an nan ku duba wanda kuke ciniki da shi. Yaron da makinsa ke hannunka ko hannun abokinka ba zai iya buɗe baki ya ce ka yi tsada ba. Mutumin da ya yi lacca da safe a kan yadda 'yan jari-hujja ke tsotse jinin talaka, da yamma ya aika yaronsa ya gaya wa ɗaliba ta biya ƙari ko ta kwashe kayanta, wane darasi yake zaton za ta riƙe, na safe ko na yamma?

Mu ma ɗalibai ba mu fita ba. A cikinmu akwai wanda zai sami gado a makaranta a kan kuɗin hukuma, ya juya ya sayar wa ɗan ajinsu ninki uku, sa'an nan ya zo taro yana zagin masu gidaje. Akwai wanda zai kama ɗaki shi kaɗai, bayan mako biyu a iske mutum biyar a ciki, ga hita ga risho na lantarki, bil ya zo ya ce ba ruwansa. Akwai mai fasa ƙofa, mai cika masai da leda, mai sulalewa da dare da bashin wata uku. Kowane ɗaya daga waɗannan hujja yake miƙa wa maigida ya tsananta wa na bayansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In muna son a yi mana lissafin gaskiya, sai mu zama mutanen da za a iya yin lissafi da su.

To, gwamnati ta ƙayyade mana?

Wani zai ce a kafa doka kawai a yanka wa kowane ɗaki kuɗi. An taɓa gwadawa. Bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi, har Jihar Legas ta kafa dokar ƙayyade haya da kotunanta a 1976. Ga Legas nan yau, kowa ya ga ko dokar ta riƙe farashi. Muddin masu nema sun fi ɗakuna yawa, doka a takarda take kwana, ciniki ya koma bayan ƙyaure. In ma aka matsa, magidanci ya kulle shagonsa ya ce ya fasa, ɗalibi ne dai a rana.

Wani kuma zai ɗauko hadisin da ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi ƙayyade farashi a Madina sa'ad da aka roƙe shi, ya ce ai ga shi, ba mai ikon tsawata masa. Wannan karatu ne da aka tsaya a rabinsa. Malamai irin su Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun bambanta tsadar da ta zo da kanta da wadda mutane suka ƙulla da hannunsu. Har ma sun kawo mas'alar mutanen da larura ta kai su ga gidan wani, ba su da wani wurin fakewa: wajibi ne ya saukar da su, kuma ko a wurin malaman da suka yarda ya karɓi haya, bai halatta ya wuce hayar da irin wannan ɗaki ya cancanta ba. Hadisin bai zama lasisin cin naman matsattse ba.

Abin da nake kira gare shi ya fi doka sauƙi, ya kuma fi ta ƙarfi, shi ne a fito da abin fili. Ƙungiyar ɗalibai ta kowace jami'a ta zauna da masu unguwanni da limamai, a buɗe littafi guda: ga ɗakunan da ke akwai, ga abin da ke cikin kowanne, ga kuɗinsa, ga sunan mai shi. A kafa shi a allon sanarwa, a sa shi a wayar kowa tun kafin sababbi su iso, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Da wannan kaɗai dillali ya rasa abin sayarwa, tun da jahilcin baƙo ne jarinsa. A tsara takardar yarjejeniya ta shafi ɗaya, da Hausa, mai ɗauke da kuɗi da wa'adi da wanda zai biya wuta da ruwa, da hukuncin lokacin yaji, da sanarwar wata uku kafin kowane ƙari. A karɓi biya wata-wata ko zango-zango. Magidancin da ya yarda da wannan a sa sunansa a gaba, ɗalibin da ya yi ɓarna ƙungiya ta tsaya a kansa sai ya biya. Hukumomin jami'a kuma su sa ido a kan gidajensu, su kuma tuna cewa duk gurbin karatun da suka bayar ba tare da gado ba, wani suka tura wa dillali.

A watan Afrilu na 1978, ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini, daga naira ɗaya da rabi zuwa naira biyu, shi ya ta da ɗaliban ƙasar nan gaba ɗaya, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Ba na fatan a sake ganin irin wannan rana, ba kuma jifa ko ƙone-ƙone nake kira ba. Amma abin kunya ne a ce jikokin waɗancan ana ninka musu haya shekara bayan shekara, sun kasa ko da buɗe littafi su rubuta farashi.

Kai kuma maigida, baba, ɗakinka ne, ba mai ƙwace maka, ba mai hana ka cin halal ɗinka. Abu ɗaya muke roƙo: kafin ka buɗe baki ka faɗi kuɗi, ɗauki alƙalami. In adadin da ya fito kana iya karanta shi da ƙarfi a gaban uban yaron, babi-babi, to karɓi abinka, Allah ya sa albarka. In kuwa sai ka fake da kasuwa, to ka tuna kai ma kana da ɗa, kuma wata rana zai sauka daga mota a garin da bai san kowa ba, da akwati a ka, ya ƙwanƙwasa ƙofar wani. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya da aiki da ita, amin.